Gani Ya Kori Ji, Amma Bai Kori Gardama Ba: Tarihin Jan Kati da Na'urar VAR a Wasannin Najeriya

Sau biyu jan kati ya gitta wa Augustine Eguavoen a zagayen 'yan 16 na babbar gasa, kuma fiye da shekara 27 ne tsakanin na farko da na biyu. A ranar 5 ga Yulin 1994, a filin Foxboro da ke kusa da Boston a Amurka, shi ne ɗan bayan Najeriya da ya faɗi bayan sun yi kicimillin ƙwallo da Gianfranco Zola na Italiya, alƙalin wasa ya kori Zola. A ranar 23 ga Janairun 2022 kuma, a Garwa ta ƙasar Kamaru, yana tsaye a bakin fili a matsayin kocin riƙon ƙwarya aka kori ɗan wasansa Alex Iwobi a karawa da Tunisiya.

A karo na farko alƙalin ba shi da abin dogaro sai idonsa. A karo na biyu yana da kyamarori, da mataimaka a gaban kwamfuta, da damar sake kallon abin da ya faru sau nawa yake so. Duk da haka har yau ana gardama a kan hukuncin biyu. Wanda ya bi tarihin kati da na bidiyo a ƙwallon ƙafa zai ga dalili. Kowannensu an ƙirƙiro shi ne don ya toshe wata ɓaraka guda, kuma ya toshe ta. Ɓarakar da ta fi ci wa 'yan kallo tuwo a ƙwarya, wato yadda alƙali ke auna laifi da kuma yardar da jama'a ke yi masa, ba ta cikin waɗanda na'ura ke iya ɗinkewa.

Kafin a san kati

Korar ɗan wasa ta girmi kati nesa ba kusa ba. A da, alƙali da baki yake gargaɗi, da baki yake kora, ya rubuta suna a ɗan littafinsa. Wannan ya wadatar muddin kowa na jin yaren kowa. Da Gasar Kofin Duniya ta haɗa al'ummomi mabambanta, sai tsarin ya fara tangal-tangal.

A 1962 wani malamin makaranta ɗan Ingila mai suna Ken Aston ya busa wasan Chile da Italiya a birnin Santiyago, wasan da ya koma dambe. Ya kori 'yan Italiya biyu, sai da 'yan sanda suka shiga fili kafin na farkon ya fita. Bayan shekara huɗu, Aston ne ke kula da alƙalan gasar 1966. A wasan Ingila da Ajantina a Wembley, ranar 23 ga Yuli, alƙali Bajamushe Rudolf Kreitlein ya kori kyaftin ɗin Ajantina, Antonio Rattín. Rattín ya tubure yana neman tafinta, wasa ya tsaya na kusan minti goma. A wasan dai, Jack Charlton na Ingila a jarida ya karanta cewa an yi masa gargaɗi.

Aston ya ba da labarin cewa yana tuƙi a wani titin Landan ne fitilar ba da hannu ta ba shi dabara: ruwan ɗorawa na nufin a yi hattara, ja na nufin a tsaya. An fara aiki da katunan a gasar 1970 a Meksiko, inda ba a kori kowa ba. Jan kati na farko a Kofin Duniya ya faɗa kan Carlos Caszely na Chile a 1974, a wasa da Jamus ta Yamma.

Mai karatu ya lura da abin da kati ya zo gyarawa. Ya zo ne don kowa ya san abin da alƙali ya yanke, daga ɗan wasa har na can ƙarshen benci. Bai yi alƙawarin cewa abin da aka yanke ɗin daidai ne ba.

Ranar da kuskure ya yi mana rana

A wasan Foxboro, Emmanuel Amunike ya ci wa Najeriya ƙwallo tun kafin hutun rabin lokaci. Zola ya shigo daga benci a zagaye na biyu, ranar da ya cika shekara 28 da haihuwa, kuma bai fi minti 12 a fili ba alƙali Arturo Brizio Carter na Meksiko ya ɗaga masa jan kati. Wanda ya kalli hoton da zuciya ɗaya, da wuya ya ce taɓawar ta kai ta kora. Wannan ne kaɗai wasan Kofin Duniya da Zola ya taɓa bugawa. Italiya da mutum goma ta farke ta ƙafar Roberto Baggio saura minti biyu a tashi, ya ƙara ta biyu da fenareti a ƙarin lokaci.

Mu a nan abin da muke tunawa shi ne minti biyun da suka rage. Kaɗan ne ke tuna cewa an zalunci abokin hamayya don amfaninmu. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, kuma ɗan kallo ya fi kowa iya taka nasa ya hango na wani.

Bayan kwana huɗu, a wannan fili dai, Mauro Tassotti na Italiya ya fasa wa Luis Enrique na Sifaniya hanci da gwiwar hannu, alƙali bai gani ba. Hukumar FIFA ta kalli bidiyo bayan an tashi, ta dakatar da Tassotti wasa takwas. Bidiyo ya shigo shari'ar ƙwallo ke nan, amma ta ƙofar baya: ana iya hukunta mai laifi daga baya, sakamakon wasa kuwa ya riga ya tafi.

Sani Kaita: kati ba gardama, fushi ba iyaka

Babu jan katin da ya taɓa zukatan mutanen Arewa kamar na ranar 17 ga Yunin 2010 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu. Sani Kaita haifaffen Kano ne, ya taso a Kano Pillars, yana cikin matasan da suka kai wasan ƙarshe na gasar 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, suka kuma ciyo azurfa a wasannin Olamfik na 2008. A wasa da Girka, Najeriya na gaba da ci ɗaya da Kalu Uche ya zura da bugun tazara. A minti na 33 ƙwallo ta fita jifa, suka yi 'yar tureriya da Vasilis Torosidis a wajen layi, Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Alƙali Óscar Ruiz na Kolombiya bai yi wata-wata ba. Kaita ya fita ya lulluɓe fuska da rigarsa.

Girka, wadda ba ta taɓa cin ko ƙwallo ɗaya a Kofin Duniya ba kafin ranar, ta farke kafin hutu, Torosidis ɗin ne kuma ya ci ta biyu. Kakakin tawagar Najeriya ya shaida wa manema labarai cewa saƙonnin barazanar kisa da aka aika wa Kaita sun haura dubu. Bayan an fitar da Najeriya, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da tawagar daga wasannin duniya na shekara biyu, ya janye cikin kwanaki da FIFA ta yi barazanar nata hukuncin.

Ana iya cewa Torosidis ya ƙara gishiri wajen faɗuwa. Amma doka ba ta auna zafin shuri idan ba ƙwallo ake nema ba. Kai duka, ko yunƙurin kai shi, laifin kora ne. Da akwai VAR a ranar, da ba abin da za ta sauya. Wannan darasi ne da ake yawan mantawa: ba duk katin da ya yi ciwo ne kuskure ba, kuma fushin da ke biyo bayan kati sau da yawa ba ruwansa da daidai ko kuskure. Hasara ce ke neman wanda za ta ɗora wa kaya, idan ba a samu alƙali ba a kama ɗan wasa.

Yadda bidiyo ya shigo ta ƙofar gaba

Kwana goma bayan korar Kaita, a wannan fili na Bloemfontein, ƙwallon da Frank Lampard na Ingila ya buga ta daki sandar sama ta haye layin ragar Jamus sarai, alƙalai ba su gani ba. Duniya duka ta gani a talabijin cikin daƙiƙa kaɗan. Abin da ya daɗe yana damun masu mulkin ƙwallo ya fito fili: mai kallo a gida ya fi mai busa usur ganin wasan. Dama tun wasan ƙarshe na 2006, da aka kori Zinedine Zidane saboda tunkuyin da alƙalin tsakiya bai gani ba, Faransawa ke zargin cewa alƙali na huɗu a allon talabijin ya gani, zargin da FIFA ta musanta.

Dokokin ƙwallo ba a hannun FIFA kaɗai suke ba. Suna hannun wata majalisa mai suna IFAB da aka kafa a 1886, inda hukumomin Ingila, Sikotilan, Wales da Ailan ta Arewa ke da ƙuri'a ɗai-ɗai, FIFA na da huɗu, kuma sai da shida ake sauya doka. Majalisar ta amince da na'urar layin raga a 2012, ta ba da izinin gwajin VAR a 2016, ta shigar da ita cikin doka a watan Maris na 2018.

Ƙa'idar da aka fara da ita ta taƙaita aikin na'urar ga abu huɗu: cin ƙwallo, fenareti, jan kati na kai tsaye, da ba wani kati a madadin wani. Ko a waɗannan, mataimakin bidiyo ba zai sa baki ba sai kuskuren ya fito ƙarara, ko wani babban abu ya wuce alƙali bai gani ba. Hukuncin ƙarshe na alƙalin tsakiya ne. A nan gizo ke saƙa. Ko ƙwallo ta haye layi, tambaya ce mai amsa ɗaya. Ko taka ƙafa ganganci ne ko tsautsayi, ko hannu ya buɗe fiye da kima, ko kuskure ya kai a ce ya fito ƙarara, waɗannan sai an auna, kuma mutum ne ke awon.

Abin da Najeriya ta gani a allo

Gasar 2018 a Rasha ce ta fara ɗanɗana mana. A wasan da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu, na'urar ta ba Iceland fenareti, suka ɗaga ta sama. Ranar 26 ga Yuni, ana ɗaya da ɗaya da Ajantina, Marcos Rojo ya sa kai ƙwallo ta sauka a hannunsa cikin da'ira. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je ya duba, ya dawo ya ce a ci gaba. Bayan mintuna kaɗan Rojo ɗin ya ci ƙwallon da ta maido mu gida. Kowa ya ga hannu, alƙalin ma ya gani. Saɓanin yana kan ma'anar abin da aka gani.

A Gasar Kofin Duniya ta mata ta 2019, a wasa da Faransa mai masaukin baƙi, alƙaliya Melissa Borjas ta Honduras ta duba allo ta ba da fenareti, ta kori Ngozi Ebere da kati na biyu. Wendie Renard ta ɓarar. Sai na'urar ta nuna mai tsaron raga Chiamaka Nnadozie, 'yar shekara 18, ta ɗan bar layi kafin bugu. Aka sake, aka ci, aka tashi ɗaya da nema. A harafin doka babu kuskure. Amma ƙwallon da aka ɓarar ba Nnadozie ce ta tare ta ba, shi ya sa mutane da yawa suka ga an bi doka an bar adalci. Shari'a saɓanin hankali.

Bayan shekara huɗu, ranar 7 ga Agustan 2023 a Brisbane, wannan alƙaliya dai ce ta busa wasan Najeriya da Ingila. Lauren James ta taka bayan Michelle Alozie tana kwance, Borjas ta ba da katin gargaɗi, aka kira ta allo, ta mayar da shi ja. A ranar ba wanda ya zagi na'ura a Najeriya. Alƙaliya ɗaya, na'ura ɗaya, abin da ya sauya shi ne wanda hukuncin ya faɗa wa.

Katin Iwobi na Garwa shi ne ya fi nuna inda matsalar take. Najeriya ta cinye wasanninta uku na rukuni, Tunisiya kuma cutar korona ta rage mata 'yan wasa, amma Youssef Msakni ya ci jim kaɗan da dawowa hutu. Iwobi bai kai minti goma da shigowa ba ya taka ƙafar Msakni yana ƙoƙarin kare ƙwallo. Alƙali Maguette N'Diaye na Senegal, wanda ya ga abin da saurinsa, katin gargaɗi ya bayar. Da ya kalla a allo sai ya koma ja. Idan aka hasko hoto cikin tafiyar hawainiya, ƙusoshin takalmi kan daɗe a kan ƙafa, abin da ya faru cikin ƙiftawar ido ya zama kamar an yi shi da niyya. Wani bincike da masana a jami'ar Leuven ta Beljiyam suka wallafa a 2018, wanda ya shafi manyan alƙalai 88, ya gano sun fi tsananta hukunci idan suka kalli laifi a hankali. Ƙa'idar VAR da kanta ta ce a yi amfani da jinkirtaccen hoto don gano inda aka taɓa, a koma saurin asali don auna ƙarfin taɓawar. Ashe na'urar ba nuna abu kawai take yi ba, tana sauya kamanninsa.

Sai daren Bouaké, 7 ga Fabrairun 2024, a wasan daf da ƙarshe na Kofin Afirka. Victor Osimhen ya ci ta biyu a ragar Afirka ta Kudu saura minti biyar, ƙasa ta ɗauki sowa. Alƙali Amin Omar na Masar ya je allo, ya soke ƙwallon, ya koma ɗaya gefen filin ya ba Afirka ta Kudu fenareti, saboda Alhassan Yusuf, wani ɗan Kano, ya taɗe Percy Tau tun farkon harin. Biyu da nema ta koma ɗaya da ɗaya. A ƙarin lokaci na'urar ta juyo ta sa aka kori Grant Kekana na Afirka ta Kudu, Najeriya ta wuce a bugun fenareti. Masana da dama sun yaba duka hukuncin biyu. Amma tun daga irin wannan dare, mai kallo a gidajen kallo na Danko da Ribah da Zuru ya koyi riƙe murnarsa a ciki sai ya ga an dawo da ƙwallo tsakiya. Wannan ma farashi ne, ko da ba a rubuta shi a kundin doka ba.

Idan na'ura ta gaza, ko mai ita ya gaza

A wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka ta 2019 a Tunisiya, an soke ƙwallon Wydad ta Maroko a ragar Espérance bisa satar gida. 'Yan Wydad suka nemi a duba, sai ga shi na'urar ba ta aiki. Suka ƙi ci gaba, aka tashi wasa, rigimar ta kai kotun wasanni ta duniya. A Janairun 2022, Janny Sikazwe na Zambiya ya kori El Bilal Touré na Mali, aka kira shi allo, ya kalla ya tsaya kan bakansa, kuma a wasan ne ya busa tashi sau biyu kafin minti 90 su cika. A Ingila, ranar 30 ga Satumban 2023, an soke halastacciyar ƙwallon Luis Díaz na Liverpool a gidan Tottenham saboda rashin fahimtar juna tsakanin alƙalan, hukumarsu ta fito ta amsa kuskure. Duk da haka, da aka kaɗa ƙuri'a a 2024, ƙungiyoyi 19 cikin 20 na Firimiyar Ingila sun zaɓi a ci gaba da na'urar. Sun yarda tana rage manyan kurakurai. Ba wanda ya ƙara cewa za ta kawar da gardama.

Gida

A gasarmu ta cikin gida, duk lokacin da aka tashi wasa baram-baram akan ji ana cewa da akwai VAR da haka ba ta faru ba. A Yunin 2019, a wasannin tantance zakara a filin Agege na Legas, an tashi ɗaya da ɗaya tsakanin Kano Pillars da Enugu Rangers, magoya baya suka kutsa fili suka yi kan alƙali. An ci Pillars tarar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabiu Ali wasa 12. A Afrilun 2022 an rage wa ƙungiyar maki bayan rikicin wasanta da Katsina United, kuma a ƙarshen kakar ta faɗi daga babbar gasa. Wannan ba cutar Kano ba ce kaɗai. Filaye da yawa a Kudu da Arewa suna da irin nasu labarin. Da aka fitar da sunayen alƙalan Kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa, babu ɗan Najeriya ko ɗaya a ciki.

Na'urar tana buƙatar kyamarori da yawa a kowane fili, da wutar da ba ta ɗaukewa, da ƙwararrun da aka horar. Ko an samu duka, allon a bakin fili yake, taku kaɗan daga 'yan kallo. Alƙalin da ke tsoron yadda zai fita daga fili da ransa, idan ya sunkuya a gaban allo, tsoron nan ne zai taya shi kallo. A ƙananan filaye kuwa, irin na Danko inda matasan unguwanni ke karawa da yamma, alƙali kan zama malamin makaranta ko tsohon ɗan wasa, ba shinge tsakaninsa da jama'a, kuma zai haɗu da wanda ya kora a kasuwa washegari. Abin da ke riƙe wasa a wurin shi ne mutuncinsa da yardar da dattawan gari suka ba shi. Daga irin waɗannan filaye manyan alƙalai ke tasowa, a can kuma 'yan kallo ke koyon ko alƙali abin girmamawa ne ko abin jifa.

Saboda haka tsarin aikin a bayyane yake. A fara da tsaron alƙali, da biyansa haƙƙinsa kan kari ta hannun hukumar gasa don kada ya zama baƙon ƙungiyar da zai yi wa shari'a, da horo, da hukunta wanda aka kama da cin hanci a bainar jama'a, da ɗaukar kowane wasa a bidiyo ko don bita bayan an tashi, kamar yadda aka yi wa Tassotti tun 1994. Bayan nan na'ura ta zo, za ta tarar da gida a share.

Kati ya sa an san abin da alƙali ya ce. Bidiyo ya sa alƙali ya ga abin da ya faru. Daga Zola zuwa Iwobi, tarihinmu ya nuna cewa na'ura shaida ce, shaida mai kaifin ido ƙwarai, amma ba ta hawa kujerar alƙali. Wanda ke kan kujerar mutum ne, kuma ingancin ƙwallonmu zai dogara ne ga yadda muka tarbiyyantar da shi, muka kare shi, muka kuma koyi karɓar hukuncinsa ranar da bai yi mana daɗi ba.